Hurumi a Cikin Teku

'Ya'yana, ku matso kusa, yau maganar teku nake so mu yi. Na san wani zai ce a ransa, Baba, ina ruwanmu da teku, mu da ko gulbi sai mun yi tafiya muke gani? To, ka leƙa tukunyar gidanku. Kifin ƙanƙarar nan da ake sarawa a kasuwa da sassafe, da na gwangwani da kuke haɗawa da burodi, duk daga can suka fito. Kuma a cikinku akwai masu karatun harkar kifi a New Bussa, akwai waɗanda aiki zai kai Legas ko Tema ko Duwala. Wata rana wani daga cikinku zai zauna a inda ake yanke shawara a kan ruwa, ina so ranar ta same shi da sani.

Da ina yaro na taɓa shiga kwale-kwalen wani tsohon masunci. Ya jefa birgi, ya jawo, sai ga wata ƙatuwar tarwaɗa tana mutsu-mutsu, cikinta ya yi tim. Ya juya ta, ya ɗan danna cikin da babban yatsa, ƙwai ya leƙo. Ni har na fara jin ƙamshin miya, sai na ga ya zura ta cikin ruwa a hankali, ya saki. Da na tambaye shi dalili, ya nuna mini cewa manomin kirki ba ya cin irinsa, kome yunwar bazara. Na daɗe ban gane ba. Abin da tsohon nan ya yi da hannu ɗaya, shi ne yau ƙasashe suke ƙoƙarin yi da doka a cikin teku.

Mun san hurumi a tudu: fili ne da ake keɓewa, ba a noma shi, ba mai mallakarsa shi kaɗai. A tarihin Musulunci ma an yi irinsa, ana ce masa hima. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi. A ruwa kuma Kabawa suna da Matan Fada a Argungu, inda Sarkin Ruwa yake hana su duk shekara, sai ranar biki a faɗa da homa da gora. Hurumin teku ɗan'uwan waɗannan ne, sai dai shi na ainihi ba a buɗe shi ko sau ɗaya. An shata iyaka, an ce daga nan zuwa nan babu taru, babu ƙugiya, babu haƙar mai ko yashi, har abada.

Bari in kai ku wani ƙauye a ƙasar Meziko, sunansa Kabo Pulmo, a bakin mashigin tekun Kaliforniya. Ƙaramin wuri ne, mutanensa masunta ne tun kaka da kakanni, a gabansu kuma akwai duwatsun murjani da kifi yake taruwa a kai. Shekara da shekaru suna kamu, har kifi ya fara ja baya. Sai su ƙara nisa, su ƙona mai da yawa, su dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Malaman jami'ar jiharsu da suke zuwa nazarin murjanin suka zauna da su, suka nuna musu irin ɓarnar da angar jirage da taru suka yi a ƙarƙashin ruwa. Mutanen ƙauyen da kansu suka roƙi gwamnati ta rufe wurin, aka kuwa ayyana shi hurumi a 1995, faɗinsa murabba'in kilomita 71. Dokar ta hana su a wani sashe ne kawai, amma su suka ga ya fi a bar kusan dukkansa, suka rataye tarunsu.

Ku tsaya ku auna nauyin wannan. Magidanci mai iyali, wanda bai san wata sana'a ba sai su, ya dubi ruwan da ya ciyar da kakansa ya ce na bari. A 1999, shekara huɗu da rufewa, masana suka nutsa suka ƙirga kifin, suka tarar bai fi na sauran wuraren da ake su ba. Da mutanen masu gajen haƙuri ne, da a nan maganar ta mutu. Ba su saki ba. Su ne masu gadi, su ne masu tare baƙon jirgi su ce masa nan ba a jefa ƙugiya. Da aka sake ƙirgawa a 2009, nauyin kifin da ke wurin ya ninka fiye da sau biyar, manyan kifaye masu cin na ƙasa da su, irin su shak, sun ninka kusan sau 11. Yau jikokin masuntan nan suna cin abinci ne da kai baƙi kallon kifi a ƙarƙashin ruwa. Da wani kamfani ya so gina katafaren masauƙin 'yan yawon buɗe ido dab da wurin, suka tashi tsaye, har shugaban ƙasar na lokacin, Felipe Calderón, ya soke izinin a 2012.

Sirrin abin yana wajen uwa, irin waccan tarwaɗar. Kifi ba kamar akuya ba ne, da babba da ƙarama duk ɗa ɗaya ko biyu suke haifa. Shi gwargwadon girmansa, gwargwadon ƙwansa, har ma fiye. Masana sun lissafa cewa macen kifin kod ɗaya mai kilo 30 tana zuba ƙwan da ya fi na ƙanana 28 masu kilo bibbiyu. Masunci kuwa babban yake fara nema. Idan aka sami wurin da kifi zai tsufa ba tsoro, ƙwansa da 'ya'yansa ba sa sanin iyaka. Igiyar ruwa tana kwasar su ta watsa a wajen hurumin, manyan ma in wuri ya cika sai su fito. Shi ya sa a hurumin Tsibirin Akuya na ƙasar Niyu Zilan, wanda aka kafa a 1975, masunta suke jera tarkunansu a kan iyakar. A can ma an ga wani abin mamaki. Da manyan kifaye suka dawo, suka cinye bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya da ta aske ciyayin ƙasan ruwa ƙwal, sai dogayen ciyayin suka sake tofowa, ƙananan kifi suka sami maɓoya.

Amma kada ku ɗauka duk inda aka rubuta "hurumi" a taswira haka abin yake. A 2014 an fitar da wani bincike a kan irin waɗannan wurare 87 a faɗin duniya, aka tarar fiye da rabinsu ba su da bambanci da ruwan da ake su a ciki. Waɗanda suka yi albarka su ne inda aka hana kamu gaba ɗaya, ake tsaron dokar da gaske, wurin ya haura shekara 10, faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 100, kuma ruwa mai zurfi ko rairayi ya raba shi da wuraren su. Ni abin da zan ƙara muku shi ne zaɓen wuri. Hukuma takan so ta keɓe can tsakiyar teku, inda dama ba mai zuwa, don kada a yi rigima da kowa. Wannan katange fako ne a bar fadama a buɗe. Inda kifi yake zuba ƙwai, da inda 'ya'yansa suke girma a gindin itatuwan bakin teku, nan ne ya cancanci tsaro. Kuma gara hurumai da dama da igiyar ruwa take haɗa su, in annoba ta faɗa wa ɗaya, sauran su tallafe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan Adam. Akwai wuraren da aka kori talakan masunci da sunan kare teku, alhali manyan jirage masu jan taru suna share ƙasan ruwa da dare, ba mai ce musu uffan. Wannan zalunci ne, kuma ba ya ɗorewa, don mai jin yunwa zai dawo da duhu. Ku dubi yadda Muritaniya ta yi a Banc d'Arguin, da ta keɓe a 1976. An hana jirage masu inji shiga, amma an bar mutanen Imragen, waɗanda suka gaji wurin, su ci gaba da su a jiragensu na filafilai da iska ke turawa. Wanda aka bar masa abincinsa, shi ne zai fara ganin ɓarawo.

A Disambar 2022, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashen duniya, har da Najeriya da Nijar da Gana, sun amince za a kare kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030. Abin da aka keɓe zuwa 2024 bai kai kashi 10 ba, wanda aka hana kamu a cikinsa ƙwarai kuwa kusan kashi 3 ne kacal. Aikin da ya rage a hannunku zai faɗo, mu tamu ta kusa ƙarewa.

Saboda haka, ɗana, 'yata, in Allah ya kai ka kujerar da za ka shata iyaka a kan ruwa, kada ka zana ta daga ofis. Ka je bakin gaɓa da asuba, ka zauna a kan kwale-kwale da tsofaffin masunta da matan da suke banda, ka tambaye su ina kifi yake haihuwa, a wane wata. Ka tanadar musu abin da za su ci a shekarun jira, ka faɗa musu gaskiya cewa jiran zai iya kai shekara goma. In kuma kai mai saye ne kawai a kasuwa, ka ƙi sayen 'yan jariran kifin da ake aunawa da kwano, ka gaya wa mai sayarwa dalili cikin ladabi. Allah ya yi muku albarka.