Darasin Kimiyya: Ƙudan Mangwaro, Daga Damilu Zuwa Kurmi

Ɗalibai, ku dubi wannan mangwaro da aka tsinto a gindin bishiya nan Damilu, a Yola. Fatarsa sumul, sai ɗan baƙin ɗigo guda. Da an yanka kuwa, ga fararen tsutsotsi suna motsi a cikin ruɓaɓɓen nama. Wannan aikin ƙudan 'ya'yan itace ne.

Macen ce ke huda fatar ta zuba ƙwai. Bayan kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe, tsutsa ta yi ta ci har ta ƙoshi, ta faɗo ƙasa, ta shige turɓaya ta ƙulle kanta a ƙwanso, daga nan sabon ƙuda ya fito. A yanayin ɗumi duk wannan bai cika wuce wata guda ba.

To, me ya sa wani wuri ƙudan ya yi yawa, wani wuri da ƙyar a gan shi? Abu biyu ne: laima da abinci.

Iri biyu za mu riƙe. Ceratitis cosyra ɗan gida ne, tun asali a danya da gwandar daji yake rayuwa. Yana jure bushewa, shi ya sa ya fi ƙarfi a farkon kakar mangwaro, lokacin da zafin Yola ke haura digiri 40. Bactrocera dorsalis kuwa baƙo ne daga Asiya. A Kenya aka fara ganinsa a Afirka, a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma. Shi laima yake so. Da ruwa ya sauka sai ya ninka, ya danne ɗan gida, mangwaron da ya makara wajen nuna shi ke shan wahala. Abin takaici ne mai lambu ya jira shekara guda, amfanin ya zube a ruɓe.

A kurmi mai inuwa, irin na dajin Gashaka-Gumti, ƙasa ba ta saurin bushewa, kuma wannan itace na gama 'ya'ya wancan ya fara, don haka zuriyar ƙudan ba ta yankewa. Lambunan bakin Kogin Binuwai ma haka suke, mangwaro ya wuce gwaiba ta karɓa. A busasshen fili kuwa, rana na kashe da yawa tun suna cikin ƙasa.

Aikin gida: kowane rukuni ya tsinto mangwaro goma daga lambun bakin kogi, goma daga bishiyar cikin unguwa. Ku yanka, ku ƙirga masu tsutsa, ku rubuta a littafi. In kun gama, ku ɗaure su tam a baƙar leda ku ajiye a rana, kada ko tsutsa ɗaya ta koma ƙasa da rai.