Kwanon Da Ke Fita Ƙofa Ran Kirsimati

Ga hunturu ya kama, an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, yara kuwa sun soma ƙidayar kwanakin da suka rage kafin 25 ga Disamba. Kafin ka ci gaba, buɗe Bishara ta hannun Luka, sura ta 2, ka karanta daga aya ta 1 har ta 24, gama a kanta maganarmu za ta tsaya.

Kai da ke zaune a Gwandu ko Kalgo, ka san ƙasar da ka ke ciki. Gwandu garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, ƙanen Shehu Usmanu. Nan jama'ar Shehu suka zauna a 1805, daga nan aka riƙa mulkin yammacin daular, hubbaren Malam Abdullahi kuma yana nan har yau. Kalgo kuwa tana dab da Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birnin jiha sa'ad da aka yanke Kebbi daga Sakkwato a 1991. Mu masu bi kaɗan ne cikin garuruwan nan, mafi yawanmu kuwa aiki ya kawo mu: wannan malamin makaranta, wannan ma'aikacin asibiti, wancan ɗan sanda, wani kuma ɗalibi a jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. A ƙasar Zuru, inda masu mishan suka zauna tun shekarun 1920, in Kirsimati ta zo ana jin waƙa unguwa unguwa. Nan kuwa ranar kamar sauran ranaku ta ke a kasuwa da gona. Maƙwabcinka ba za ya shigo majami'a ya ji wa'azina ba. Iyakar abin da za ya sani na Kirsimati, shi ne abin da ya gani yana fitowa daga ƙofar gidanka.

Sai ka fara sanin wannan: Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar da aka haifi Ubangijinmu ba, bai kuwa umarce mu da wani irin biki ba. Masu bi na birnin Rum suna kiyaye 25 ga Disamba tun wajen shekara ta 336. 'Yan'uwanmu na Habasha da Masar su a ran 7 ga Janairu su ke yin tasu. Itacen nan da a ke ƙawatawa da fitilu al'adar Jamus ce, ta bazu a Ingila cikin zamanin Sarauniya Biktoriya, daga bisani ta iso mana a kwali. Wanda ya sayi irinsa bai yi zunubi ba, wanda bai saya ba kuwa bai rasa kome ba. Tun da ya ke al'ada ce ba doka ba, muna da iko mu auna kowace ɗaya, mu riƙe mai amfani, mu bar wadda ke jawo wa sunan Almasihu zargi.

A ganina, cikin dukan al'adun da iyayenmu suka bar mana a ƙasar nan, ba wadda ta kai ta kwanon maƙwabta. Ka tuna da Babbar Salla. Ba ka roƙa ba, sai ga yaro da sallama, riƙe da naman layya, ya ce Baba ya ce a kawo. A Ƙaramar Salla kuma ga tuwo, ga waina. Mutanen nan sun san ba addininku ɗaya ba, duk da haka suka ba ka hakkin maƙwabtaka. To, yaya za ka dafa shinkafa ran Kirsimati, ƙanshin miya ya haura katanga, ka kuwa kulle ƙofa ka ci kai da 'ya'yanka? Mala'ikan da ya zo wurin makiyaya ya gaya musu labarin farin cikin nan na dukan mutane ne. Kwanon da ka aika, shi ne ɗan guntun labarin da maƙwabcinka za ya iya karɓa da hannunsa.

Amma akwai sharaɗi, nan ne kuwa da yawa ke tuntuɓe. Musulmi yana kula da wanda ya yanka dabba, da yadda aka yanka ta. Domin wannan dattawanmu suka saba, in za su yanka akuya ko kaji, sai su kira wani maƙwabci Musulmi, ko mahauci, ya sa wuƙa, don kowa ya ci da kwanciyar rai. Wani saurayi mai himma ya taɓa tare ni a kan wannan bayan sujada. Ya ce, "Malam, ashe ba kunyar bangaskiyarmu mu ke ji ba? Hannuna ƙazami ne?" Na ji zafin maganarsa, ban kuwa raina ta ba. Na ce masa hannunsa tsarkakakke ne, in don cikinsa ne kaɗai ya yanka abinsa ya ci da godiya. Amma wanda ya dafa domin baƙo, bakin baƙo ya ke dubawa. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 8 har ta 10, ya nuna yana da 'yancin cin kowane abu, amma ya gwammace ya bar nama ɗungum da ya sa wani tuntuɓe, ya kuma gargaɗe mu kada mu zama abin tuntuɓe ga na waje ko na cikin ikilisiya. Mutumin da ya yarda ya bar nama duka, ai barin wuƙa ga maƙwabci ba za ya yi masa nauyi ba.

Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan, shi ne ƙarya. In kai ka yanka, aka tambaye ka, ka ce kai ka yanka. Kada ka ce wa yaro ya je ya ce mahauci ne. Wanda ya ciyar da maƙwabcinsa abin da ya san yana ƙi, ta hanyar ruɗi, ya ci amana, ya kuma koya wa ɗansa ƙarya a ranar haihuwar Mai Gaskiya. In ba ka sami mai yanka ba, aika da cincin, da lemo, da ɗanyar shinkafa, ko kaza da ranta. Tukunyar da ta taɓa naman alade kada ta kusanci girkin nan. Zancen burkutu da giya kuwa ba sai na tsawaita ba. Magidanci guda da aka gani yana tangaɗi a bakin kasuwa ran 26 ga wata ya isa ya zubar da kwano ɗari da 'yan'uwansa suka aika.

Yanzu ga wuri mai wuya. Wata rana za a mayar maka da kwanonka a rufe, yadda ka aika shi. Malaman Musulmi ba su zama baki ɗaya ba a kan cin abincin bikinmu: waɗansu sun halatta, waɗansu sun hana. Ya faru da ni a shekarata ta fari a wannan aiki. Yarinyarmu ta komo da kwano a ka, idonta cike da hawaye, uwarta kuwa ta ce daga yau an gama, ko naman Sallarsu ba za ya sāke shiga gidan nan ba. Ni ma, ba na ɓoye maka, zuciyata ta tafasa. Da na kwana na tashi, sai na ga mutumin nan bai zage ni ba, abin da aka koya masa ya bi don tsoron Allah, kamar yadda ni ma akwai abin da ba na ci. Da safe na tafi na gaishe shi kamar kullum, ban ta da zancen ba. Da Salla ta zo ya aiko da nama, muka karɓa, muka yi godiya. Shekarar da ta biyo ban aika masa dafaffe ba, don kada in sa shi cikin kunya sau biyu, sai na kai masa buhun gawayi da kaina, na ce sanyi ya yi yawa bana. Ya karɓa. Har yanzu ba ya cin shinkafarmu, amma ran da ɗana ya kwanta da zazzaɓi da tsakar dare, babur ɗinsa ne ya kai mu asibiti.

Kada kuma ka mai da kwanon tarko. Ba a aika yaro da abinci a hannun dama, gardama a hannun hagu. Maƙwabtanmu suna girmama Annabi Isa da uwarsa, cikin Alkur'ani akwai sura guda mai sunan Maryamu, ta 19, inda aka ba da labarin haihuwarsa. Mun rabu da su a kan ko shi wane ne, rabuwa mai girma, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. In an tambaye ka dalilin bikin, ka faɗi gaskiya da tawali'u. In ba a tambaya ba, bar kwanon ya yi gaisuwarsa ya komo.

Na san abin da ke ranka. Kana cewa, Malam yana zancen rabo, bai san kuɗin mudun shinkafa ba. Na sani. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kome ya hau, waɗanda ke noman fadama kuwa ba su manta ambaliyar 2020 ba, da ta cinye shinkafar jihar nan. Koma ga aya ta 24 da na ce ka karanta. Da Yusufu da Maryamu suka kai Yaron haikali, tsuntsaye biyu suka miƙa. Duba Littafin Firistoci sura ta 12, za ka tarar ɗan rago shari'a ta nema, tsuntsaye biyu kuwa rangwame ne ga macen da ba ta da halin rago. Ashe gidan da aka haifi Mai Ceto bai iya sayen rago ba, ba su kuwa ci bashi don a ce sun iya ba. Kai fa, don me za ka buɗe rumbu a Disamba, sa'ad da hatsi ya fi araha, ka kwasa zuwa kasuwar Jega don atamfa da takalma, sa'an nan a watan Agusta ka sayi irin hatsin nan da tsada, ko ka rasa? Na ga mai bi da ya yi haka. Da damina ta yi tsaka, wurin maƙwabcin da ya aika wa cinyar akuya ya tafi neman tiya biyu ta gero. Daidai ruwa, daidai tsaki. In gidaje biyar ko shida suka haɗa kuɗi tun da wuri aka yi watanda, kowa za ya sami nama gwargwadon ƙarfinsa. Mata kuma su soma adashi tun kaka. Kwanon waina mai tsabta da aka aika da fara'a ya isa.

Wata magana kuma ga maigida. Kowace shekara ina tsayawa gaban jama'a ran Kirsimati, in ga maza cikin sababbin riguna, bencin mata kuwa rabi wofi, gama suna can cikin hayaƙi tun asuba. Wannan bai kamata ba. Itace, da ruwa, da niƙa, da gyaran nama, a gama su tun jajibere, kai da samarin gidan ku sa hannu. Da asuba, kafin a hura wuta, tara iyalinka, ka sa yaron da ya iya karatu ya karanta Luka 2 da Hausa. Tun 1932 mu ke da Littafi duka cikin harshenmu, abin kunya ne ya kwana cikin akwati a irin wannan rana. Ku yi addu'a, ku ambaci maƙwabta da sunansu, gida gida. Bayan an taso daga sujada sai a zuba a kwanuka.

Yaran da za ka aika, koya musu tun dare: su yi sallama, su tuɓe takalmi, su durƙusa su gai da manya, su ce, "Inna ta ce a kawo, tana gaisuwa." In an ba su tukuici su karɓa da hannu biyu, in ba a ba su ba kada su tsaya suna kallon hannun mutane. A gama aike kafin magariba. Abubuwan fashewan nan da yara ke kunnawa kuwa, hana su. A kwanakin da mutane ke kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga, ƙara irin ta harbi ba wasa ba ce.

Saura kwano guda, wanda a kan manta. Ba kowa ke samun tafiya gida ba. Akwai 'yan'uwa daga wajen Danko-Wasagu da Sakaba waɗanda tashin hankali ya watsa ƙauyukansu, akwai ɗalibin da kuɗin mota ya gagara, da ɗan sandan da aka tsayar bakin aiki, da gwauruwar da 'ya'yanta ke nesa. Cikin Luka sura ta 14 Ubangiji ya ce in za mu yi biki mu kira waɗanda ba su da abin rama mana. Waɗannan kada ka aika musu da kwano, kirawo su su zauna a tabarmarka. Ran Lahadi mai zuwa, in an tashi sujada, tsaya a bakin ƙofa ka tambayi kowane baƙo inda za ya ci abincin rana ran 25 ga wata. Wanda ya yi shiru ya dubi ƙasa, gaya masa kwatancen gidanka.