Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Marsandi 300 SL a Kan Tebur

A watan Fabrairun 1954 kamfanin Mercedes-Benz ya baje wata mota a birnin New York wadda ƙofofinta ba sa buɗewa ta gefe, sai dai su ɗaga sama kamar tsuntsu zai tashi. Ita ce 300 SL. Guda 1,400 kacal aka ƙera masu irin wannan ƙofa zuwa 1957, kuma yau kuɗin guda ɗaya ya haura dala miliyan. Shi ya sa masu sonta da yawa suke komawa ga kwalin kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya ƙanƙantar da ita sau 24. Motar da ta kai mita huɗu da rabi ta dawo kusan santimita 19, gunduwa-gunduwa, tana jiran mai haƙurin haɗawa.

Wanda ya buɗe kwalin zai tarar da sassan roba maƙale a jikin firam-firam, kowanne da lambarsa, ga tayoyi, ga gilasai, ga takardar bayani mai zane. Masu gwaninta ba sa taɓa gam a ranar farko. Sukan karanta takardar daga farko har ƙarshe, su wanke sassan da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu don fenti ya kama, su bar su su bushe. Ba a fizge sashe da hannu. Da ƙaramar filaya mai kaifi ake yanke shi, a kankare ragowar da reza, a goge da sanfefa mai laushi. Kafin a liƙa komai, sai an gwada shi a mazauninsa an ga ya zauna daram.

Daga ciki ake farawa, kuma nan ne daɗin wannan mota yake. Abin da mai haɗawa zai fara tayarwa shi ne ƙwarangwal na siraran bututu, irin wanda injiniya Rudolf Uhlenhaut ya tsara wa motar tseren kamfanin ta 1952. Yana cikin liƙa su zai ga da idonsa abin da ya tilasta waɗannan ƙofofi: bututun sun taso sosai ta gefe biyu, daidai inda ƙofar mota ta saba zama, babu damar yanke su ba tare da motar ta yi rauni ba. Dole aka mayar da maratayar ƙofa kan rufi. Gam ɗin da ake amfani da shi a nan mai ruwa-ruwa ne, narkar da robar yake yi ta haɗe. Ana haɗa sassan biyu tukuna, a ɗiga shi da bakin buroshi, shi da kansa zai bi tsagar. Idan ƙwarangwal ɗin ya karkace ko da kaɗan, bodi ba zai zauna ba, taya ɗaya kuma za ta rataye a sama, don haka a kan shimfiɗaɗɗen gilashi ya kamata ya bushe.

Sai inji. Mai silinda shida ne a jere, lita uku, an kwantar da shi digiri 50 don ya shige ƙarƙashin bonet mai ƙasa-ƙasa. Ba shi da kafireto. Famfon Bosch ne yake fesa fetur kai tsaye cikin silinda, abin da ba a saba gani ba a motocin wancan zamani. Wanda yake son aikinsa ya fita daban yakan huda ƙananan ramuka ya zura siraran wayoyi shida a matsayin wayoyin fulogi, sannan ya tsarma baƙin fenti ya yi ruwa sosai, ya bar shi ya kwanta a lunguna. Nan take ƙusoshi da gaɓoɓin injin suke fitowa fili.

Cikin motar ba ya cin lokaci, in ban da kujeru. Na asali yadi ne mai gidan dara, ko fata ga wanda ya biya ƙari. Jan fenti marar ƙyalli shi ya fi sauƙi, ya kuma fi fitowa ta cikin gilashi.

Fentin bodi ne yake raba gwani da ɗan koyo. Ana fara goge layin da injin zuba roba ya bari a jiki, a fesa fentin share fage mai ruwan toka, wanda yake tona duk wani karce da ido bai gani ba. Launin da aka fi sanin motar da shi ruwan azurfa ne, shi kuwa ba ya rufa asirin kowa. Ana fesawa daga nesa kamar taki ɗaya, sama-sama, a jira, a sake, maimakon a zuba da yawa ya tsiyaye. Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Wanda ya yi fenti lokacin hunturu sai ya kifa roba mai tsabta a kan bodin da zarar ya gama. Bayan fentin ƙyalli na ƙarshe, sai a ba shi kamar mako guda ya ƙeƙashe kafin a goge shi da sanfefa mai lamba 2000 da ruwa, a bi da man gogewa. Masu gaggawa a nan suke barin hoton yatsa a kan rufi.

Bamba da tambarin tauraro suna zuwa da rufin azurfa wanda gam ba ya kamawa, sai an kankare daidai wurin liƙawa. Gilasai kuma ba a kusantar su da sufa gulu, domin tururinsa yana sa su yi fari fat. Farin gam irin na kafintoci ake ɗiga musu da tsinken sakace, yana bushewa garau. Ƙananan tambura da fuskokin agogon dashbod ana tsoma su cikin ruwa na 'yan daƙiƙu, su saki takardarsu, a zame su da hantsaki zuwa mazauninsu, a tsane da auduga.

Ƙofofin ne ƙarshe. Ana iya barin su rufe, amma yawancin masu haɗawa a ɗage suke kafe su, don a ga kujeru da faɗin dokin ƙofar da direba yake tsallakawa kafin ya zauna. Daga nan sai a sa motar cikin akwatin gilashi, saboda goge ƙura da tsumma shi ne yake karya madubi da waifa.