Farautar Agwagin Daji a Ƙarshen Hunturu: Darasi Daga Fadamun Luwiziyana

A kudancin Amurka, inda kogin Misisifi ke kwarara cikin teku, akwai manyan fadamu na jihar Luwiziyana. Kowace shekara, da zarar sanyi ya daskarar da tafkunan Kanada da na arewacin Amurka, sai miliyoyin agwagin daji su yi ƙaura zuwa can, kamar yadda wasu ke tasowa daga Turai su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru.

Farautar watan Janairu ita ce mafi wuya. Agwagwar da ta kai wannan lokaci ta sha jin ƙarar bindiga, don haka ba ta cika ruɗuwa da agwagin roba da maharba ke jerawa kan ruwa ba, balle usur ɗin da suke busawa. Haka kuma iskar arewa kan kora ruwan fadama zuwa teku, ta bar kwale-kwale cikin taɓo.

Doka ta hana farautar ta wuce 31 ga Janairu, kuma dalilin na kimiyya ne. A cikin hunturu ne yawancin agwagin ke zaɓen abokan zama, suna kuma tara kitsen da zai mayar da su arewa. Macen da ake yawan firgitawa takan ƙona kitsenta a banza, wadda kuwa aka harbe mata namiji sai ta sake neman wani. Duk wannan na iya rage ƙwan da za ta saka da bazara.

Akwai wasu matakan kariya. Tun 1934 ake wajabta wa maharba sayen kan sarki na musamman, ana amfani da kuɗin wajen tanadar dausayi. A 1991 aka haramta harsashin dalma, domin agwagi kan haɗiye shi tare da tsakuwa, ƙundu ya niƙa shi, gubar ta shiga jini.

Sai dai babbar barazana ita ce zaizayar fadamun kansu. Tsakanin 1932 da 2016 teku ta cinye kimanin murabba'in kilomita 5,000 na gaɓar Luwiziyana, musamman saboda ganuwar da aka yi wa kogin ta hana shi zuba sabuwar laka. Doka na iya taƙaita harbi, amma agwagwar da ta rasa masauki ba ta dawowa.

Tambaya ga ɗalibai: wane irin tasiri madatsun ruwa na Tiga da Challawa za su iya yi wa tsuntsayen dausayin Haɗeja da Nguru?