Kafin Ka Sayi Na'urar Karatu, Ɗana

Ɗana, tambayar da samari ke yawan kawo mini a 'yan kwanakin nan ita ce wace na'ura ce ta fi daɗin karatu: kwamfutar hannun nan da kuke ce wa tab, ko kuwa irin su Kindle da Kobo, waɗanda ba su da wani aiki sai karatu. Nakan ji daɗin tambayar, domin duk wanda ke neman abin da zai yi karatu da shi, alama ce har yanzu yana tare da karatu. Amma kafin in amsa nakan ce wa yaro ya gaya mini abin da yake son karantawa, da inda zai zauna ya karanta, da lokacin da yake samun sukuni. Abin da ya faɗa shi ne zai zaɓa masa, tun kafin ya isa shagon mai sayarwa.

Bari in fara gaya maka bambancin da ke tsakaninsu, don kada a ruɗe ka da kwali. Fuskar tab irin ta wayarka ce, haske ne ke fitowa daga bayan gilashi ya nufo idonka. Ita kuwa na'urar karatu, a ƙarƙashin fuskarta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, kowace da ruwa a ciki, a cikin ruwan kuma akwai farin gari da baƙi. Idan lantarki ya taɓa su, baƙin ya taso inda ake son harafi, farin ya taso inda ake son takarda, sai su tsaya a nan cak. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙago wannan tawada ta lantarki cikin shekarun 1990. Kamfanin Sony ya fara sayar da na'ura mai irinta a Japan a 2004, Amazon ya fito da Kindle a 2007, iPad kuma bai zo ba sai 2010. Tunda rubutun ba ya bukatar wuta don ya zauna a shafi, sai lokacin da ka juya zuwa na gaba, caji ɗaya yakan kai mutum makonni. Wanda ya san zaman duhu a unguwar da wuta ke yin kwanaki ba ta leƙo ba, ko ya saba kai waya wajen mai caji, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka fita da na'urar karatu gindin darbejiya da tsakar rana, rubutun zai ƙara fitowa raɗau, alhali da tab ce sai dai ka riƙa kare ta da hannu kana ƙanƙance ido. Ga ta kuma ba nauyi: ƙaramar Kindle ba ta kai giram 200 ba, iPad kuwa ta kusa rabin kilo, kuma wuyan hannu yakan san bambancin idan karatu ya yi nisa.

Batun ido, kada ka bari a tsorata ka fiye da kima. Abin da ke faruwa ga mai kallon sikirin shi ne yakan rage ƙiftawa bai sani ba, sai ido ya bushe, ya yi yaji, kai ya soma ciwo, balle lokacin hunturu da iska ke busar da komai. Likitocin ido suna ba da wata shawara mai sauƙi: duk bayan minti 20 ka ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ka kuma rage hasken na'urar ya yi daidai da na ɗakin da kake, kada ka kashe fitila ka bar fuskarka ita kaɗai a cikin haske.

Barci ne ya fi damuna. A ƙarshen 2014 wasu masu bincike a asibitin Brigham and Women's da ke Boston sun fitar da sakamakon wani gwaji: mutum 12 suka yi karatun sa'a huɗu kafin kwanciya, dare biyar a iPad, dare biyar a littafin takarda. A dararen iPad barci ya jinkirta musu da kusan minti goma, sinadarin melatonin da ke sanar da jiki dare ya yi ya ragu, da safe kuma sun fi jin kasala. Mutum 12 ba yawa ba ne, kuma an ƙure hasken na'urar a gwajin, saboda haka ban ce ka ɗauke shi hukunci na ƙarshe ba. Amma ya yi daidai da abin da kowane uba ke gani a gidansa lokacin da ake tashin yara sallar asuba.

Akwai wata ni'ima a na'urorin nan da ku matasa ba ku san darajarta ba tukuna. Daga shekara arba'in ido yakan fara gazawa wajen ganin abu na kusa. Za ka ga dattijo ya ɗauki jarida yana nisanta ta da fuskarsa, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya gwada layi biyu, sai ya ninke ya ajiye ya ce ba labari a ciki. Labari yana nan, idon ne ya ƙi. Ni kaina littattafai masu ƙananan haruffa sun daɗe da fi ƙarfina, kuma ranar da aka nuna mini yadda ake ƙara girman rubutu da yatsa biyu na yi wa Allah godiya ƙwarai. Idan kana da tsohuwar tab da ka daina amfani da ita, ka zuba wa mahaifinka ko mahaifiyarka abin da suke so, ka ƙara musu girman haruffa, ka zauna ka koya musu cikin haƙuri. Ladan da za ka samu a nan ya fi kuɗin da za a ba ka idan ka sayar da ita.

To amma kada yabon da na yi wa na'urar karatu ya sa ka ruga kasuwa. Ka dubi abin da ke cikin wayarka yanzu. Akasarin abin da ɗalibanmu ke karantawa PDF ne: handawut ɗin malamai, tsofaffin tambayoyin jarrabawa, littattafan fiƙihu da nahawu da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, matani a tsakiya sharhi a gefe. PDF shafi ne a daskare, ba ya miƙewa ba ya lanƙwasa. Ka saka shi a na'ura mai fuskar inci 6, rubutun zai koma ƙanana ƙwarai, in ka ƙara girmansa sai ka yi ta jan shafi dama da hagu, ga na'urar ba ta da sauri, kowane motsi sai ta ɗan yi ƙyafta. Littafin da aka tsara a EPUB shi ne ke bin girman da ka zaɓa, shi ne kuma abincin irin wannan na'ura. Saboda haka mai karatun ƙagaggun labarai da tarihi, shafi bayan shafi, na'urar karatu ta fi masa. Ɗalibin likitanci ko injiniya da ke bukatar zane mai launi, da almajirin da littattafansa na Larabci duk hoto ne, tab mai inci 10 ita ce tasu. Mai karatun Hausa kuma ya duba ko haruffanmu masu ƙugiya suna fitowa, domin akwai salon rubutun da ba ya ɗauke da su, sai ka ga ɗan akwati a gurbin ƙ ko ɗ.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci a wurina. Daɗin karatu ba ya tsayawa ga ido da hannu, zuciya ma tana bukatar a ƙyale ta ta natsu. Na'urar karatu ba ta ringi, ba wanda zai turo maka bidiyo a cikinta, in ka gaji da littafin sai dai ka rufe ko ka buɗe wani. Tab kuwa a wuri ɗaya ta ajiye maka littafinka da WhatsApp da TikTok da sakamakon ƙwallo. Kana tsakiyar babi saƙo ya faɗo daga sama, ka ce bari in duba sau ɗaya, kafin ka farga an kira la'asar. Wannan ba raunin halinka ba ne kai kaɗai, waɗanda suka ƙera manhajojin nan da gangan suka tsara su don su riƙe mutum. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan tab ce ta dace da karatunka, ka saye ta, amma kada ka saka mata layi, kada ka ɗora mata manhajar zumunta ko ɗaya, ka sauke littattafanka ka kashe intanet. Wayar kuma ka bar ta a wani ɗaki. Na ga yaran da suka yi haka, kuma na ga yadda karatunsu ya canza.

Kada kuma ka raina takarda. A 2018 wasu masu bincike, ciki har da na jami'ar Balensiya da ke Sifen, sun tattara nazarce-nazarce 54 da suka shafi mutum fiye da 170,000, suka ga cewa a rubutun ilimi mai karatu a takarda yakan ɗan fi fahimta, musamman idan lokaci ya ƙure, amma a labari ba wani bambanci. Mahaddata sun daɗe da sanin wani abu makamancin wannan. Wanda ya yi hadda da mushafin Madina mai shafi 604, layi 15 a kowane shafi, yakan tuna aya da gurbinta, a sama take ko a ƙasa, shafin dama ko na hagu, shi ya sa malamai ke hana ɗalibi sauya mushafi. Rubutun da ke sauya wuri duk lokacin da ka taɓa girmansa ba ya ba ƙwaƙwalwa wannan madogara. Abin da za ka haddace ko za ka shiga jarrabawa da shi, ka ajiye biro da littafin rubutu a gefe, in da hali ma ka buga shi a takarda.

Ka kuma sani littafin da ka saya a kantin intanet bai zama naka kamar wanda ke cikin akwatinka ba. A 2009 Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya, daga baya ya ba da haƙuri. A nan gida, manhajar littattafai ta OkadaBooks da marubutan Najeriya da dama suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Abin da kake ji da shi, ka ajiye kwafinsa a wani wuri. Littattafan marubutanmu na Hausa da ake ta yawo da su a guruf-guruf kuwa, in mai shi ya sa kuɗi, ka biya. Hakkin mutum ne, kuma ɗan abin da kake bayarwa shi ke sa ya sake ɗaukar alƙalami.

In kuɗin ba su kai ba, kada ka jingine karatu har sai ka sayi na'ura, wayar da ke aljihunka ma tana buɗe littafi. In kuwa ka tashi saye, musamman ta hannu, ka tafi da littafin da kake karantawa yanzu, ka ce a saka maka. Ka tabbata tsohon mai ita ya cire akawun ɗinsa, ka duba lafiyar batir, ka fita da ita rana, ka dawo inuwa, ka zauna ka karanta shafi biyar kafin ka miƙa kuɗi. Allah ya yi maka albarka, ya sa karatun ya amfane ka.