Kafin Ka Ƙara wa Tsohuwar Kwamfutarka RAM

Gyaran kwamfuta ne sana'ata a nan Bebeji, kuma akwai wata asara da nake yawan gani wurin masu shagon buga takardu, malaman makaranta da ɗalibai masu shirin JAMB, tun daga Tiga da Kwanar Ɗangora har Tudun Wada da Doguwa. Kwamfutar mutum ta yi nauyi, sai a ce masa ya ƙara RAM. Ya biya kuɗin mota zuwa Kano, ya sayo 8GB a Titin Beirut, a saka, kwamfuta ta nuna 3GB da 'yan kai kawai take aiki da shi. Sai ya ce an cuce shi. Sau da yawa kayan lafiya lau suke, Windows ɗin da ke kai ne ya gaza.

Windows iri biyu ne, mai 32-bit da mai 64-bit. Mai 32-bit lissafinsa bai wuce 4GB ba, a ciki ma sai an cire kason ɓangaren hoto da sauran kayan ciki. Kamar unguwa ce da aka ƙara wa gidaje alhali littafin mai unguwa ya cika: gidajen suna nan, amma ba a san da zamansu ba.

Dubawa ba ta da wuya. Ɗora linzami a kan This PC, ko Computer idan Windows 7 ce, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi Properties, ka karanta layin System type. Idan ka ga 32-bit, mafita ita ce a sauke shi a ɗora mai 64-bit, kuma yawancin kwamfutoci daga Core 2 Duo zuwa sama suna ɗauka. Sai dai aikin yana share abin da ke ciki, don haka kwashe takardunka a filashi tukuna. Mai shago kuma ya tabbatar tsohuwar firintarsa tana da direba na 64-bit, kada a gyara nan a ɓata can.

Wani lokacin iyakar daga jikin na'urar take. Dell Latitude D620 da ThinkPad T60 ba sa wuce 3GB da ɗoriya ko wane Windows aka ɗora musu. Windows 7 Starter kuwa 2GB ne ƙarshensa. Sannan RAM iri-iri ne, DDR2 ba ya shiga gurbin DDR3. Kalli ɗan tsagin da ke tsakanin haƙoran zinaren, ba wuri ɗaya yake ba. Na ga gurbin da aka karya saboda tura RAM da ƙarfi.

Ku guji manhajojin intanet masu alkawarin buɗe RAM a kan 32-bit, suna rikita Windows, wasu ma da cuta suke zuwa. Ku kuma sani Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Kwamfutar da ta tsufa da ɗaukar Windows 11 tana iya samun sauƙi da Linux Mint, kyauta ne, kuma ba shi da nauyi.

Don Allah 'yan'uwa, kafin ku hau mota, ku rubuta sunan kwamfutar da lambarta, irin RAM ɗinta da abin da System type ya nuna, ku kai wa mai gyara ya duba. Kuɗi ya yi wuya a wannan zamani, kada a zuba shi inda ba zai yi aiki ba. Allah Ya sa mu dace.