Lambar Inji, Ba ta Murfi Ba: Yadda Ake Gane Tsohon Agogon Aljihu

In tsohon agogon aljihu ya faɗo hannunka, ko ta gado ko a wajen 'yan gwanjo, kada ka yi masa wani tukuna. Man da ke cikinsa ya daɗe da bushewa, kuma in babu mai ƙarfe cin ɗan'uwansa yake yi. Shimfiɗa tsumma mai laushi, ka samo takarda da alƙalami, da gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido.

Inda mafi yawan mutane ke yin tuntuɓe shi ne nan: su buɗe murfin baya, su ga lamba a cikinsa, su kwafe su tafi bincike. Wannan lambar gidan agogon ce. A Amurka, inda kamfanonin Waltham da Elgin da Hamilton da Illinois suka ƙera agogunan aljihu miliyoyi, mai inji daban ne, mai gida daban. Mutum kan shiga kanti ya zaɓi injin da ƙarfinsa ya kai, sannan ya zaɓi gida na Keystone ko Dueber ko Wadsworth, mai kanti ya haɗa masa su nan take. In gida ya tsufa kuma a sake wani. Saboda haka lambar da kake nema tana jikin injin ne, an zana ta a farantin ƙarfen da ya rufe ƙafafun injin, kusa da sunan kamfani. Wani agogon murfi biyu gare shi a baya, sai ka ɗaga na cikin. Wani murfin murɗe shi ake yi kamar na kwalba, wani kuma yana da ɗan leɓe da ake sa farce. Duba da kyau kafin ka taɓa wuƙa, don ƙarzanen da ka yi ba ya gogewa.

Lamba ita kaɗai ba ta magana sai an haɗa ta da suna, domin kowane kamfani da nasa lissafin. Waltham ya kai inji na miliyan 10 wajen 1901, Elgin kuwa sai wajen 1903. Elgin ya fara ne da lamba 101 a 1867, a injin da ya sa wa suna B.W. Raymond. Hamilton yakan sa harafi a gaban wasu lambobin, kamar C a samfurin 992B da ya fito a 1940, kuma duk wanda ya yar da harafin ya ɓata hanya. Da suna da lamba sai ka nufi jadawalin kamfanin, wanda masu tara agoguna suka kwafo daga tsofaffin rajistoci, ana kuma samunsa a intanet. Shekarar da zai ba ka kintace ce. Ana ware lambobi ne rukuni-rukuni, kuma inji kan yi shekara ɗaya ko biyu a ajiye kafin a sayar. Rubuta "wajen 1903", ya fi gaskiya.

Ni dai ban yarda da jadawali ba sai na gwada shi da abin da ke hannuna. In ya ce girman injin 16 ne, auna faɗinsa: ya kamata ya kai milimita 43 da ɗan ɗoriya, mai girma 18 kuma kusan 45. In ya ce duwatsu 17, wato ƙananan yaƙutun da sandunan ƙafafu ke juyawa a cikinsu, duba ko haka aka rubuta a farantin. In suka saɓa, ko dai ka karanta 3 a matsayin 8, ko wani ya yi haɗe-haɗen sassa, ko kuma jabu ne. An yi zamanin da wasu masu ƙira a Suwizalan ke fitar da injuna masu araha da sunaye masu kama da na Amurka, harafi ɗaya kawai aka sauya.

Wannan gwajin ya fi muhimmanci in mai sayarwa ya ce maka agogon jirgin ƙasa ne, don a nan kuɗi ke hawa. A 1891 jirage biyu suka yi karo a Kipton ta jihar Ohio, aka ɗora laifin a kan agogon da aka ce ya tsaya na minti 4. Daga nan aka ɗora wa wani mai suna Webb C. Ball aikin sa ido a kan agogunan ma'aikatan jirgin ƙasa, ƙa'idoji suka tsananta: aƙalla duwatsu 17, girma 16 ko 18, kuskure kada ya wuce daƙiƙa 30 a mako, kuma ba a gyara lokaci sai an cire murfin gaba an jawo wani ɗan ƙarfe. Hoton jirgi a bayan gida ado ne kawai, kowa na iya zanawa.

Agogunan Turai ba su da sauƙi haka, da yawa ma babu suna. Kamfanin Longines dai na riƙe da rajistarsa tun 1867. Na Ingila kuwa gidan ne ke taimako in azurfa ne: hatimin anga na Birmingham ne, kan damisa na Landan, ga kuma harafi guda da ke nuna shekara.

Sai rajistarka. Kowane agogo shafinsa: sunan kamfani, lambar inji, girma, duwatsu, duk rubutun da ke faranti harafi da harafi, sannan sunan mai gida da lambarsa a layi na dabam. Sunan da ke fuskar agogon ma rubuta shi, amma ka sani sau da yawa na mai kanti ne. Ɗauki hoton inji da fuska da cikin murfi, ka rubuta inda ka samo shi da ranar. Ƙananan lambobin da za ka ga an ƙarzana da allura a cikin murfi alamun masu gyara ne na da, kowa da tasa. Kwafe su yadda suke, kada ka sa a goge.